Ladan aikin da aka riga aka yi: ko uban gida yana da ikon yanke shi?

Ya kai mai karatu, ko ke mai karatu, idan kana aiki a ƙarƙashin wani, wataƙila ka taɓa karɓar albashinka a ƙarshen wata ka tarar bai cika ba. Ka tambaya, aka ce maka ka makara ranar kaza, ko ka fasa wani abu, ko kuɗin shago ba su cika ba, ko kuma kasuwa ba ta yi kyau ba a wannan wata. Mutane da yawa suna shiru, domin suna tsammani mai ba da aiki yana da wannan iko. Wasu kuma sun san ba daidai ba ne, amma suna tsoron a kore su.

Wannan darasi zai bayyana maka abin da dokar Nijar ta tanada bisa wannan batu. Tushen maganar shi ne wannan: awar da ka riga ka yi wa mutum aiki ta zama bashi a wuyansa. Yana iya ƙin biyan lokacin da ba ka yi aiki ba. Yana iya cire abin da doka ta ambata da sunansa. Amma ba ya da ikon ya hukunta ka, ko ya mai da hasararsa, ta hanyar sa hannu cikin ladan da ka riga ka yi wa gumi.

Domi wannan magana ta taso yanzu?

Shekarun baya-bayan nan sun zo da tsanani ga masu sana'a da ma'aikatansu baki ɗaya. Daga ƙarshen watan Yuli na 2023 zuwa watan Fabrairu na 2024, ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi. An rufe iyakoki, wutar lantarki da ke zuwa daga Najeriya ta yanke, kaya suka yi tsada a kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai. Ƴan kasuwa da masu ƙananan masana'antu sun yi hasara ta gaske.

A irin wannan lokaci, mai sana'a yakan nemi inda zai rage kashe kuɗi. Ba ya iya rage kuɗin haya, ba ya iya rage kuɗin man fetur, ba ya iya ƙin biyan banki. Wurin da ya fi sauƙin taɓawa shi ne albashin yaransa, domin su ne ba su da bakin magana. Ga kuma masu neman aiki da yawa a ƙofa. Shi ya sa yanke albashi yakan yawaita a daidai lokacin da ma'aikaci ya fi bukatar kowace dala tasa don sayen hatsi.

Ƴan Nijar sun san ɗacin albashin da ba a biya ba. A cikin shekarun 1990, ma'aikatan gwamnati sun sha yin watanni ba su karɓi albashi ba, kuma iyalansu da masu ba su bashi a unguwa duk sun ji a jikinsu. Albashin mutum ɗaya yakan ciyar da gida guda. Idan aka taɓa shi, tukunyar gidan ce aka taɓa.

Daga ina dokar ta fito?

Kariyar albashi tsohuwar magana ce a ƙasar nan. A 1946 aka soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa take mulka. Ma'aikata suka ci gaba da gwagwarmaya da yajin aiki har aka samu kundin dokokin aiki na ranar 15 ga Disamba 1952. Tun a wancan kundi aka hana mai ba da aiki ya ci ma'aikacinsa tara.

Bayan samun ƴancin kai, a 1961, Nijar ta amince da yarjejeniya mai lamba 95 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka tsara a 1949 domin kare albashi. Wannan yarjejeniya ta ce ba a cire wani abu daga albashi sai bisa sharuɗɗa da iyakar da dokar ƙasa ko yarjejeniyar ma'aikata da masu ba da aiki ta tsaida, kuma wajibi ne a sanar da ma'aikaci waɗannan sharuɗɗa. Ta kuma hana a cire wa mutum kuɗi a matsayin ladan samun aiki ko na ci gaba da riƙe shi.

Kundin da ake aiki da shi a Nijar shi ne doka mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, wadda ta maye gurbin ta 1996. Ta shafi duk wanda yake yi wa wani aiki, ƙarƙashin umurninsa, domin a biya shi. Ko kwantarar ta baki ce, ba a rubuta ba, kwantara ce a idon doka. Ma'aikatan gwamnati na dindindin su ne suke da tasu doka ta dabam.

Mi doka ta yarda a cire?

Abubuwan da aka yarda a cire daga albashi kaɗan ne, kuma kowane yana da ƙa'idarsa.

Na ɗaya, abin da doka ta wajabta. Akwai harajin albashi ga wanda albashinsa ya kai a cire masa. Akwai kuma zubin Asusun Ƙasa na Kare Ma'aikata, wato CNSS, wanda zai amfane ka ranar ritaya. Rabon ma'aikaci a wannan zubi kashi 5,25 ne bisa 100 na albashinsa. Mai albashin sefa 52.000, za a cire masa sefa 2.730. Mai ba da aiki yana da nasa rabo, wanda ya fi naka yawa, kuma daga aljihunsa zai fito. Idan an cire maka kuɗin CNSS, kana da haƙƙin sanin lambarka, ka je ka tabbata ana zuba su.

Na biyu, abin da yarjejeniyar ma'aikata da masu ba da aiki, ko kwantararka, ta tanada a ajiye, matuƙar bai saɓa wa doka ba.

Na uku, bashin da uban gida ya ba ka. Idan ya ranta maka kuɗi domin suna, ko aure, ko magani, yana da haƙƙin a biya shi. Amma doka ta shimfiɗa hanya: ko ka amince da kanka a gaban alƙali ko jami'in sa ido bisa aiki cewa a riƙa cirewa, ko kuma kotu ta ba da umurnin cirewa. Ko a nan ma ba a ɗauke albashi duka. Doka ta ware kason da ake iya taɓawa, gwargwadon girman albashin, domin a bar maka abin ci da iyali.

Kada ka haɗa rance da kuɗin da ka karɓa a tsakiyar wata bisa aikin da kake cikin yi. Idan albashinka jikka 52 ne, ka karɓi jikka 20 ranar 15 ga wata, saura jikka 32 za a ba ka a ƙarshe. Wannan cikon lissafi ne, ba a zalunce ka ba.

Lokacin da ba ka yi aiki ba

A nan ne mutane suka fi ruɗewa. Albashi ladan aiki ne. Idan ka ƙi zuwa aiki kwana biyu ba da izini ba, ba da wani dalili da doka ta sani ba, uban gida yana iya ƙin biyan ka waɗannan kwanaki biyu. Haka ma kwanakin yajin aiki, a ƙa'ida ba a biyan su. Amma abin da za a cire dole ya yi daidai da lokacin da aka rasa, ba ƙari.

Bari mu yi lissafi tare. A wuraren aiki da ba na noma ba, doka ta tsaida awa 40 a mako. Idan aka baje su bisa shekara, wata guda yana ɗauke da awa 173 da ɗan ɗoriya. Mai albashin sefa 52.000, kowace awa tasa ta kama sefa 300, wato dala 60. A ce wata rana ya makara da rabin awa. Abin da ya rasa sefa 150 ne, dala 30. Idan uban gida ya bar shi ya shiga, ya yi aikin awa bakwai da rabi, sannan ya yanke masa kuɗin yini guda, sefa 2.400, to sefa 2.250 daga ciki ladan aikin da ya yi ne aka karɓe masa. Wannan ƙarin, ko mi aka kira shi, tara ce, kuma doka ta hana mai ba da aiki cin tara.

Ko da an rubuta a dokokin cikin gida na kamfani cewa duk wanda ya makara za a yanke masa jikka guda, ko da ka sa hannu a kai ranar da aka ɗauke ka, wannan sharaɗi ba ya da ƙarfi. Takardar kamfani ba ta fin dokar ƙasa.

Ka lura da abu ɗaya: wasu ayyuka, kamar gadi, suna da nasu lissafin awoyi, domin zaman da ake yi ya fi aikin yawa. Ayyukan gona kuma ana lissafa su a shekara, awa 2.400. Amma ƙa'idar ɗaya ce a ko'ina: abin da aka yi, a biya shi.

Idan na yi ɓarna fa?

Wannan tambaya ce mai nauyi, domin uban gida ma yana da gaskiyarsa. Direba yakan buga mota, mai sayarwa a shago yakan wayi gari kuɗi ba su cika ba, yarinyar gida takan fasa kwano ko ta ƙona tufafi da dutsen guga. Mai dukiya yana jin zafin abinsa, kuma ba laifi ba ne ya nemi mafita.

Abin da doka ta hana shi ne ya zama mai ƙara, ya zama alƙali, ya kuma biya kansa da hannunsa. Wane ne ya tabbatar kai ka yi ɓarnar? Da gangan ne, ko sakaci ne, ko tsautsayin aiki ne wanda yake iya faɗa wa kowa? Nawa ne kuɗin abin da ya lalace, sabo ne ko tsoho? Waɗannan tambayoyi alƙali ne yake amsa su, bayan ya ji ɓangare biyu. Mai sana'a shi yake cin riba idan kasuwa ta yi kyau, saboda haka hasarar yau da kullum ta sana'a tana wuyansa.

Hannun uban gida kuma ba a ɗaure yake ba. Yana iya yi maka gargaɗi da baki ko a rubuce. Yana iya dakatar da kai na ƴan kwanaki bisa ƙa'ida, ka zauna gida, kwanakin ba a biya ba domin ba ka yi aiki cikinsu ba. Idan laifin ya yi girma yana iya sallamar ka ta hanyar da doka ta tsara. Idan sata ce, ga ƴan sanda, ga kotu. Duk waɗannan hanyoyi a buɗe suke gare shi. Wadda aka rufe ita ce ya sa ka aiki, sannan ya hana ka ladansa.

Ko an kore ka bisa laifi babba, kwanakin da ka yi aiki kafin korar naka ne. Doka ta ce a biya ma'aikaci da zarar aikinsa ya ƙare. Idan akwai rigima tsakaninku, shugaban kotun ƙwadago ne kaɗai yake iya ba da izinin a riƙe wani kaso har a yanke hukunci.

Idan kasuwa ta faɗi fa?

Wani uban gida yakan tara ma'aikata a ƙarshen wata ya ce ciniki bai yi ba, kowa ya yi haƙuri da rabin albashi. Mai yiwuwa gaskiya yake faɗa game da cinikin. Amma watan ya riga ya wuce, aikin kuma an yi shi bisa farashin da aka shirya. Ba a sake ciniki bayan an cinye kaya.

Idan sana'a ta shiga matsi, doka ta tanadi hanyoyin dakatar da aiki na ɗan lokaci ko rage ma'aikata, tare da sanin hukumar da ke sa ido bisa aiki. Waɗannan matakai suna shafar kwanakin da ke gaba. Idan ka ga dama ka ɗaga wa uban gidanka ƙafa har ya samu, wannan alherinka ne. Sai dai a rubuta cewa saura kaza yana nan bashi, da ranar da za a biya. Ko kamfani ya karye, doka ta sa albashin ma'aikata a sahun gaba cikin basussukan da za a biya.

Akwai kuma mafi ƙarancin albashi, wanda ake kira SMIG. A 2012 an tsaida shi sefa 30.047 a wata, daga baya gwamnati ta ɗauki matakin ɗaga shi zuwa sefa 42.000. Mai aikin cikakken lokaci bai kamata a shirya da shi ƙasa da abin da doka ta tsaida ba.

Yaya ake biyan albashi bisa ƙa'ida?

Ana biya da kuɗin ƙasa. Mai albashin wata, a biya shi cikin kwana takwas bayan ƙarshen watan. Mai aikin yini ko na mako, kada tsakanin biya da biya ya wuce kwana 15. A ba ka takardar biya wadda ta nuna albashinka, da abin da aka cire, da dalilin cirewa. Awoyin da ka ƙara bayan na ƙa'ida ana biyan su da ƙari.

Ga wani abu da ya kamata ka riƙe da kyau. Karɓar albashin da bai cika ba, ko sa hannu a takardar biya ba tare da ka yi gardama ba, ba ya nufin ka yafe sauran. Doka ta san mai jin yunwa ba ya mai da kuɗi. Kana iya karɓar abin da aka ba ka, ka nemi cikon daga baya. Kuɗin da aka riƙe maka ba bisa ƙa'ida ba, kana da haƙƙin a mai do maka da su.

Waɗanda doka take wuyar kai wa

Mafi yawan masu aiki a ƙasar nan ba su da takardar biya ko lambar CNSS. Akwai ƴan ƙwadago a gonakin albasa na Galmi da Madawa, da leburorin gini, da yaran shago a babbar kasuwar Maraɗi, da masu dako a tasha, da mata da ƴan mata masu aikin gida a Yamai. Su ne aka fi yanke wa lada, su ne kuma suka fi nisa da biro ɗin hukuma. Ma'aikatan sa ido ba su da yawa, ƙasar kuma tana da faɗi.

Duk da haka, haƙƙinsu yana nan. Al'adarmu ma ta san shi. Hausawa suna cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Haka nan wanda aka yi wa aski dole ya ba da lada. Malamai suna wa'azi a masallatai bisa nauyin haƙƙin ɗan ƙwadago da munin jinkirta shi. Saboda haka, idan kai ɗan ƙwadago ne, mai unguwa, da mai gari, da liman, da shugaban masu sana'arku, duk mutane ne da za ka iya kai wa kuka, kuma sau da yawa maganarsu takan isa.

Idan aikin jinga ne, wato an shirya kuɗi kaza bisa gona kaza ko bango kaza, to aikin ake aunawa. A nan rigima takan taso bisa ko aikin ya cika, ko ya yi kyau. Maganinta shi ne a fayyace komi tun farko a gaban shaidu: girman aikin, kuɗinsa, ranar biya, da ko abinci yana ciki.

Mi za ka yi idan an yanke maka?

1. Ka sayi ƙaramin littafi. Kullum ka rubuta kwanan wata, lokacin da ka fara aiki da lokacin da ka tashi. Ka rubuta duk kuɗin da ka karɓa. Karatun da kake koyo a cibiyar yaƙi da jahilci, ga ranar amfaninsa.

2. Ka adana takardun biya, da saƙon waya idan ta waya aka aiko maka kuɗi.

3. Ka sami uban gidanka cikin ladabi, ka tambaye shi nawa aka cire da dalilin cirewa. Wani lokaci kuskuren lissafi ne. Wani lokaci kuma shi kansa bai san doka ta hana ba.

4. Idan wurin aikinku yana da wakilan ma'aikata ko sandika, ku je tare. Idan ku da yawa abin ya shafa, ku yi magana da murya ɗaya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

5. Idan ba a daidaita ba, ka je hukumar sa ido bisa aiki, wadda ake kira Inspection du travail, a babban birnin jiharku. Jami'in zai kira ku biyu domin sulhu. Idan kun shirya, za a rubuta a takarda ku sa hannu.

6. Idan sulhu bai yiwu ba, sai kotun ƙwadago. Shari'ar aiki kyauta ce, ba a biyan kuɗin shigar da ƙara. Alƙali yana zama tare da wakilin ma'aikata da wakilin masu ba da aiki.

7. Kada ka daɗe. Neman bashin albashi yana da wa'adi a doka, shaidu kuma suna mantuwa ko su bar gari.

8. Kada ka biya kanka da hannunka. Wanda ya ɗauki kayan uban gida domin an riƙe masa albashi ya mai da gaskiyarsa laifi, kuma shi za a kama.

Kalma ga mai ba da aiki

Wataƙila kai mai karatu, kai ne uban gidan. Wataƙila kana da yaron shago guda, ko ke kina da yarinya mai taya ki aikin gida, ko ƙungiyarku ta manoma takan ɗauki ƴan ƙwadago lokacin girbi. Duk abin da aka faɗa a sama ya hau kanku. Ku shirya lada a fili tun ranar farko, ku rubuta abin da kuka bayar, ku biya a kan lokaci. Idan yaro ya yi laifi, ku gaya masa laifinsa, ku bi hanyar horo da doka ta yarda da ita. Ma'aikacin da ya san ladansa zai zo masa cikakke ya fi kula da dukiyar uban gidansa.

Tambayoyi domin tattaunawa a cibiya

Mai albashin sefa 52.000 ya yi fashin yini guda na awa takwas ba da izini ba. Nawa ne mafi yawan abin da za a iya cire masa?

Waɗanne hanyoyi uban gida yake da su idan ma'aikaci ya lalata masa kaya?

A garinku, wa ɗan ƙwadago yake kai wa kuka idan an hana shi ladansa? Ku rubuta sunayen muƙamansu a littafinku, ku kuma nemi sanin inda biro ɗin Inspection du travail na jiharku yake.